Wa zan dangwala wa? Tambayoyi da amsoshi kan zaɓe da gane ɗan siyasa mai amana, ga mutanen Jos

Duk sanda zaɓe ya ƙarato tambayoyi iri ɗaya ne ke yawo a gari, a teburin mai shayi, a cikin keke daga Terminus zuwa Farin Gada, har a gidan biki. Ga 2027 na tafe fostoci sun fara cin bango, shi ya sa na tattara waɗanda na fi ji na amsa daidai fahimtata. Ba zan ce ma kowa ga wanda zai zaɓa ba, ba hurumina ba ne, kuma ko na faɗa na san ba ji za ku yi ba.

Ai duk halinsu ɗaya, me zai sa in je in tsaya a rana ina bin layi?

Ban ga laifin mai wannan maganar ba, jiki magayi. Amma ɗan'uwa duba lissafin 2023. Mutum miliyan 93 da 'yan kai ne a rajistar INEC, waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su cika miliyan 25 ba, wajen kashi 27 cikin ɗari kenan, ba a taɓa samun ƙarancin fitowa irin haka ba tun dawowar farar hula a 1999. Tinubu ya samu miliyan 8.79, Atiku 6.98, Obi 6.1, Kwankwaso kusan 1.5. Waɗanda suka zauna a gida sun kusa ninka ƙuri'un su huɗun a haɗe sau uku, kuma zamansu bai hana a rantsar da kowa ba. Abin da zaman gida ke yi kawai shi ne ya sauƙaƙa wa mai sayen ƙuri'a, in akwatinku na mutum 700 ne 150 suka fito to ba sai ya kashe wani abin kirki ba zai juya akwatin.

Kuma ƙuri'a kaɗan tana yanke hukunci fa. Tambuwal da tazarar ƙuri'a 342 ya koma kujerar gwamnan Sokoto a 2019. Batun duk ɗaya ne kuma, je ka tambayi malamin firamare ko gwamnan da ke biyan albashi ƙarshen wata ɗaya yake da wanda ke tara masa bashin watanni.

Toh ta yaya zan gane mai amana tun kafin ya hau?

Nan ne gundarin maganar, sauran duk reshe ne. Ka daina sauraron abin da ya ce zai yi, ka koma ka duba abin da ya yi da wanda aka taɓa damƙa masa. Kusan babu ɗan takarar da ya faɗo daga sama, ko ya yi kansila, ko ciyaman, ko kwamishina, ko mai ba gwamna shawara, ko shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa, ko ma'ajin kwamitin masallaci ko na coci. Hali zanen dutse ne, wanda kuɗin gudummawar gyaran makabarta suka yi ɓatan dabo a hannunsa ba biliyan ce za ta shiryar da shi ba.

Kuma ba yaransa za ka tambaya ba, ba 'yan adawarsa ba, su duka an san amsarsu. Nemi waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa, direba, masinja, akawun ofis, ɗan kwangilar da ya gama aiki yana bin kuɗinsa, maƙwabtan gidan da ya taso. Jos ba ta da girman da za a rasa wanda ya san wani, in ka tambayi mutum uku da ba su san juna ba suka faɗi abu ɗaya to akwai ƙamshin gaskiya.

Sannan ka taka da ƙafarka ka ga aikin da yake tutiya da shi. In ya ce ya haƙa borehol a unguwa kaza je ka gani. Sau da yawa za ka tarar da allon aikin yana nan tsaye da sunansa ɓaro-ɓaro da hotonsa da hula, tankin baƙi yana sama kan ƙarfe, amma kan famfon ya yi tsatsa an ɗaure shi da leda, akuya na kwance a inuwar wajen, yara kuma na wucewa ta gefe da jarkoki suna bin mai ruwa. Tambayi matar da ke suyar awara a kusa yaushe rabon da ruwa ya zo, ita za ta ba ka rahoton da ya fi na kowane gidan rediyo. In kuma ka tarar ruwa na zuba shekara uku bayan an buɗe, ka rubuta masa wannan a gefen alheri ko da ba ɗan jam'iyyarka ba ne, adalci kenan.

Wani abin dubawa, wa ke bayansa. A 2022 fom ɗin takarar shugaban ƙasa a APC naira miliyan 100 ne, na gwamna miliyan 50, a PDP na shugaban ƙasa miliyan 40, wannan fom kawai kenan ba a zo kan deliget ba. In mutum bai da sana'ar da aka san shi da ita amma ya sayi fom ya cika gari da motocin kamfen to akwai ubangida, kuma ubangida ba sadaka yake yi ba, zai zo karɓar nasa kafin kai ka ga naka.

Mu a nan akwai ƙarin ma'auni guda: ina yake ranar da gari ya ɗau zafi? Ya fito ya kwantar da matasa, ko ya kashe waya ya hau hanyar Abuja, ko ma ta bakinsa wutar ta ƙara ruruwa? Mutanen unguwa ba sa manta wannan.

Sabon shiga fa, wanda bai taɓa riƙe komai ba?

Ba laifi ba ne, tun 2018 ma aka rage shekarun takara, ɗan shekara 25 zai iya neman majalisar jiha ko ta wakilai, shugaban ƙasa 35. Amma ƙuruciya ba shaidar gaskiya ba ce. Duba sana'arsa da mu'amalarsa da bashi, da ko ya san aikin kujerar da yake nema. Akwai kuma takardun da kowane ɗan takara ke cikewa da rantsuwa, fom EC9, INEC na liƙa su don jama'a su gani, makarantun da ya ce ya yi da shekarunsa duk suna ciki. Kar ka raina wannan, a Bayelsa a 2020 saura kwana ɗaya a rantsar da David Lyon Kotun Ƙoli ta soke nasararsa saboda matsalar takardun mataimakinsa.

Kowa alƙawari yake yi, ya zan bambance na gaske da na kamfen?

Ka fara tambayar kanka, wannan abin da ya ce zai yi yana cikin ikon kujerar da yake nema? Ɗan majalisa aikinsa yin doka, amincewa da kasafin kuɗi, da sa ido kan yadda ake kashewa. In mai neman majalisar jiha ya ce zai sauke farashin fetur ko zai kawo ƙarshen matsalar wuta, ko bai san aikin ba ko ya raina maka hankali, duka biyun kuma ba alheri. Gwamna ma 'yan sanda da soja ba a hannunsa suke ba, na tarayya ne, abin da ke hannunsa irin su Operation Rainbow ne, rundunar tsaro ta jiha, da tallafa wa jami'an tsaro da kuma yadda yake riƙe al'ummomi da adalci, saboda haka in ya ce zai gama da matsalar tsaro cikin wata kaza ka tambaye shi da me.

Su 'yan majalisar tarayya akwai ayyukan mazaɓu, naira biliyan 100 aka saba warewa a shekara wa sanatoci 109 da wakilai 360, su ke zaɓar aikin ma'aikatu su aiwatar. Kuɗin gwamnati ne ba na aljihunsa ba, don haka in ya raba keken ɗinki da injin markaɗe ba kyauta ya yi maka ba. ICPC na bibiyar waɗannan ayyukan, akwai kuma Tracka ta ƙungiyar BudgIT da ke wallafa abin da aka sa wa kowace mazaɓa, wanda ke da data zai iya dubawa ya faɗa wa 'yan majalisarsu ta hira.

Alƙawarin gaske yana zuwa da nawa, daga ina, zuwa yaushe. Babbar kasuwar Terminus ta ƙone a Fabrairun 2002, yaran da aka haifa a shekarar yanzu wasu sun yi aure, kuma shekara ashirin da 'yan kai ana ta alƙawarin sake gina ta. Duk wanda ya sake ɗauko zancen a kamfen kar ku tafa tukuna, ku ce ina kuɗin, kuma wa zai samu shago in an gama.

Sannan a saurari alƙawarin da ba shi da daɗi ma. Kafin zaɓen 2023 Tinubu da Atiku da Obi duk sun faɗa da bakinsu za su cire tallafin mai, mutane ba su tsaya sun tambayi me za a yi wa talaka a madadinsa ba ana can ana waƙa, sai bayan sanarwar cire tallafin ranar 29 ga Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 kowa ya riƙe baki.

In yi sak ko in bi cancanta?

Ni dai cancanta. Sak ta shigo da mutane da yawa majalisa a inuwar wani, waɗanda ko sunansu masu zaɓen ba su sani ba, shekara huɗu kuma ba a ji ɗuriyarsu ba. Takardun daban-daban ake ba ka, ranar farko uku, shugaban ƙasa da sanata da ɗan majalisar wakilai, ranar ta biyu gwamna da ɗan majalisar jiha, ba wanda ya ce dole hoto ɗaya za ka bi. Mutanen Filato ma sun iya wannan, a 2023 Obi na LP ne ya ci jihar a zaɓen shugaban ƙasa duk da gwamna mai ci Simon Lalong shi ne daraktan kamfen ɗin Tinubu, bayan sati uku kuma PDP ta ci gwamna da Caleb Mutfwang.

Sai dai kar a ce jam'iyya ba komai ba ce, mu mun ga darasi. Bayan zaɓen nan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta kori sanatocin PDP biyu da 'yan majalisar wakilanta da 'yan majalisar jiha 16, ba don ba su ci ƙuri'a ba, sai don rikicin shugabancin jam'iyyar a jiha. Gwamnan ma ta kore shi, Kotun Ƙoli ce ta dawo da shi a Janairun 2024 ta ce ba daidai aka yi ba, amma su 'yan majalisa shari'arsu a Kotun Ɗaukaka Ƙara take ƙarewa, shikenan ta leƙo ta koma. A Zamfara ma a 2019 APC ta ci komai kotu ta ce ba ta yi zaɓen fidda gwani na ƙa'ida ba, duk ƙuri'un suka tafi a banza. Don haka ka duba ko jam'iyyar ɗan takararka tana da shugabanni biyu kowa na cewa shi ne, da ko an yi fidda gwanin lafiya.

Gaskiya ni namu zan zaɓa, a garin nan in ba naka ba wa zai kare ka?

Ba zan yi kamar ban san daga ina wannan tsoron ya fito ba. Wanda ya ga rikicin Satumbar 2001, ya ga Nuwambar 2008 da rikicin ya tashi a kan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa ɗaruruwan mutane suka rasu, ya ga 2010, ya ga yadda gari ya rabu har mai keke ke cewa nan ba na shiga, ba za ka zo masa da wa'azin duk ɗaya muke ya saurare ka ba. Na Anguwan Rogo yana da tsoronsa, na Kabong ma yana da nasa, kuma kowa yana da gawar da zai nuna. Son a ga naka a inda ake yanke shawara, musamman a inda ake rigima kan takardar zama ɗan asalin wuri da ɗaukar aiki, ba abin kunya ba ne.

Matsalar ita ce 'yan siyasa sun gane wannan tsoron shi ne ƙuri'a mafi arha. Wanda ya san za ku zaɓe shi don sunansa kawai me zai sa ya wahalar da kansa ya gyara muku kwalbati? Shekara huɗu ba a gan shi ba, saura wata biyu zaɓe sai ya bayyana a sahun gaba ranar Juma'a ko a kujerar gaba ranar Lahadi yana cewa in ba ni ba za su cinye ku. Toh ka tambaye shi, tun ambaliyar 2012 da ta ci rayuka a Rikkos da Gangare me aka yi wa hanyar ruwan, asibitin sha-ka-tafi na unguwa akwai magani, ajin firamare yara nawa ne a ciki, samarin da suka faɗa sara-suka da ƙwaya wa ya nema musu abin yi. In har naka ne to shi ya fi cancanta ka tsare da tambaya, don shi ne kake iya zuwa ƙofar gidansa. Kuma ko a cikin naku ai ba mutum ɗaya ne ke takara ba, sau tari uku ne ko huɗu, ma'aunin amana bai faɗi ba.

Abin da ke ba ni mamaki, a garin nan aka yi babban taron SDP na 1993 da ya tsayar da Abiola, ya ɗauki Kingibe su biyu Musulmi, Filato ta zaɓe su, Kano ma ta zaɓe su ta bar ɗanta Bashir Tofa. Iyayenmu ne suka yi wannan fa ba wasu baƙi ba.

Malaminmu ya ce ga wanda za a yi, in saɓa ban yi laifi ba?

Malam da fasto da mai unguwa duk a girmama su, a kuma saurari dalilinsu, wani lokacin sun san abin da ba ka sani ba. Amma ka nemi dalilin. In dalilin shi ne ya yi aiki kaza ya riƙe amana kaza, je ka tabbatar. In kuwa ba dalili sai an ce, ko ka lura sabuwar mota ta shigo gidan kwanan nan, to ra'ayinsa ne irin na kowa. Kai za a tambaya kan yatsanka.

In an ba ni kuɗi ko taliya in karɓa?

Doka dai ta hana, dokar zaɓe ta 2022 ta sa tarar da ta kai naira 500,000 ko ɗaurin wata 12 ko duka biyun, kuma mai bayarwa da mai karɓa duk ta shafa. Lissafin ma ba ya fita, dubu biyar in ka raba ta a shekara huɗu ba ta kai naira 4 a rana ba.

Akwai masu cewa karɓi kuɗinka ne ka shiga ka zaɓi ra'ayinka. Na gane hikimar, amma ban cika yarda da ita ba. Su ma masu rabon ba wawaye ba ne, sun koma sai ka ɗaga takarda an gani ko ka ɗauko hoto kafin a biya, shi ya sa ma aka hana shiga wajen dangwalawa da waya, wasu kuma har rantsar da mutane suke yi. Sannan duk sanda muka miƙa hannu muna ƙara wa takara tsada ne, mutumin kirki da bai da buhun kuɗi sai ya haƙura tun daga gida, a bar mana waɗanda za su zo su fanshe. Duk da haka ba zan zagi gwauruwar da ta kwana biyu ba ta ɗora tukunya ba aka miƙa mata leda da taliya biyu da magi da sabulu ta karɓa. Abin da zan ce mata kawai, Hajiya in kin shiga wajen nan ba mai ganinki sai Allah, ledar nan ba ta ɗaure ki ba.

Amma akwai mai kyauta tun ba a fara siyasa ba, yana biyan kuɗin asibiti yana raba hatsi da azumi da Kirsimeti, wannan ba mai amana ba ne?

Zai iya zama. Kyauta hali ne mai kyau, amma ita da amana ba abu ɗaya ba ne, ɓarawo ma yana kyauta, wani lokacin ma ya fi kowa don bai san zafin kuɗin ba. Duba daga ina dukiyar take, duba ko yana yi ba tare da mai kyamara a bayansa ba, duba ko ya taɓa faɗuwa zaɓe ya ci gaba da yi.

Wanda EFCC ke tuhuma fa?

Zargi daban hukunci daban, kuma kowa ya san akan yi amfani da tuhuma a siyasa. Amma kar wannan ya sa ka toshe kunne. Joshua Dariye tun 2007 aka gurfanar da shi kan kuɗin jiha, shari'ar na tafiya aka zaɓe shi sanata a 2011 aka sake a 2015, yana kan kujerar a 2018 kotu ta ɗaure shi shekara 14, daga baya aka rage zuwa 10, a 2022 aka yi masa afuwa shi da Jolly Nyame na Taraba. Ka nemi sanin me ake tuhumar mutum da shi takamaimai, yana zuwa kotu yana kare kansa ko kullum ɗage zama yake nema. Ka kuma sani sashe na 308 na tsarin mulki ya ba shugaban ƙasa da gwamna da mataimakansu rigar kariya, in ka ɗora mai shari'a a wuyansa kan kujerar gwamna ka dakatar da shari'ar kenan har ya sauka. Sanata da ɗan majalisa ba su da wannan rigar.

Mai sauya sheƙa abin yarda ne?

In da wannan kaɗai za a yi hukunci da kusan ba wanda zai tsira, manyan 'yan takarar 2023 ɗin nan huɗu ba wanda bai taɓa zama a wata jam'iyyar ba. Lokacin da ya sauya shi ne abin dubawa. Wanda ya fita don an murɗe masa fidda gwani daban yake da wanda ya ci zaɓe da ƙuri'arku ya kwashe ta ya kai inda kuka ƙi, ko wanda ya tsallaka daidai lokacin da aka fara binciken sa.

Ɗan takarata ƙaramar jam'iyya yake, ba asarar ƙuri'a zan yi ba?

A kujerar shugaban ƙasa da wuya ƙarama ta kai, don ban da rinjaye sai an samu kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na jihohi. Amma a majalisa labarin daban ne, a zaɓen da aka sake na sanatan Filato ta Arewa a Fabrairun 2024 ɗan takarar ƙaramar jam'iyyar ADP ne ya ci. In kun yarda da mutum ku yi masa aiki gida-gida, ku tabbatar yana da ejan a kowane akwati, rashin ejan ne ke kashe ƙananan jam'iyyu fiye da rashin masoya.

An turo min bidiyo a WhatsApp ɗan takara yana zagin addininmu, ya zan yi?

Kar ka tura wa kowa tukuna. Yanzu ana yanke magana a tsakiya, ana ɗauko bidiyon shekara goma a ce na jiya ne, har murya ana haɗawa da kwamfuta ta fito sak ta mutum. Nemi cikakken jawabin, duba ko wata kafa da aka sani irin su BBC Hausa ko Aminiya ta kawo. Su sojojin baka na rediyo da yaran da ake saya wa data su yi ta zagi a Facebook aikinsu suke yi, wanda ke yabon mutum bana shi ne ya tsine masa bara. A gari irin namu saƙo ɗaya na ƙarya zai iya sa a rufe kasuwa kafin la'asar, wlh ba abin wasa ba ne.

Maigidana ya ce dole in zaɓi nasa.

'Yar'uwa ba sai an yi rigima a gida ba. Ku tattauna, ki ji dalilinsa ki faɗi naki in da hali. Ƙuri'a dai sirri ce, ke kaɗai za ki shiga, kuma ke kika fi sanin halin da ɗakin awo da haihuwa na asibitin unguwa yake ciki.

A Jos na yi rajista amma yanzu ina aiki a Abuja, zan iya zaɓe a can?

A'a, sai a akwatin da katinka yake. Ko ka nemi INEC ta mayar maka da shi lokacin da aka buɗe rajista, ko ka dawo gida kafin ranar don akan hana zirga-zirga. Kuma zaɓe bai da alaƙa da takardar ɗan asali, duk ɗan Najeriya mai shekara 18 zai iya rajista a inda yake zaune.

Ƙuri'ar ma ana ƙirga ta kuwa? Ba rubutawa kawai suke yi ba?

A akwati ana ƙirgawa, a gaban kowa. A 2023 ƙa'idar ita ce a buɗe 8:30 na safe a rufe layi 2:30 na rana, duk wanda ke kan layi a lokacin sai ya yi. Na'urar BVAS za ta tantance ka da yatsa ko da fuska, in ƙuri'un akwati suka fi adadin waɗanda ta tantance a soke akwatin. Takardar ba sunan ɗan takara ba hotonsa, tambarin jam'iyya ne kawai, don haka ka san tambarin tun daga gida, a koya wa tsofaffi ma. Dangwala cikin gida ɗaya, ka bari tawadar ta sha iska kafin ka naɗe kar ta shafi wani gidan a ce ta lalace.

In an gama kar a watse. Jami'in zai zazzage akwatin ya ware takardun ya riƙa ɗagawa ɗaya bayan ɗaya jama'a na ƙirgawa da ƙarfi tare da shi, ya rubuta a fom EC8A, ejan-ejan su sa hannu a ba su kwafi, a liƙa sakamakon a bango. Ɗauki hotonsa. Inda ake yin aika-aikar galibi a hanya ne da wajen tattarawa, a gunduma da ƙaramar hukuma, tsohuwar maganar nan ta a kasa a tsare a raka ba ta tsufa ba, amma a yi ta cikin lumana ba da gora ba. Gaskiya ne a 2023 sakamakon shugaban ƙasa bai hau IReV, shafin da INEC ke ɗora sakamakon akwatuna, a kan lokaci ba, INEC ta ce tangarɗar na'ura ce, mutane da yawa ba su gamsu ba kuma suna da hujjar ƙin gamsuwa. Amma a 2015 da ƙuri'ar nan aka kayar da shugaba mai ci, Jonathan ya kira Buhari ya taya shi murna tun ba a gama sanarwa ba.

In na zaɓe shi ya ci amana fa, sai na jira shekara huɗu?

A takarda akwai kiranye ga 'yan majalisa, sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, INEC ta tantance sa hannun, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. A aikace abu ne mai wuyar gaske, da aka gwada wa Dino Melaye a Kogi a 2018 wajen kashi 5 cikin ɗari kawai aka iya tantancewa, maganar ta mutu. Gwamna da shugaban ƙasa kuwa ba a yi musu kiranye, sai dai majalisa ta tsige.

Abin da ya fi yiwuwa shi ne matsin lamba tun da wuri. Ku ajiye bidiyon alƙawuransa da ranar da ya yi su, ƙungiyar unguwa ta rubuta masa takarda a kai ofishin mazaɓarsa a karɓi shaidar an karɓa, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ku damar tambayar ma'aikatar tarayya nawa aka fitar wa aiki kaza kuma wane ɗan kwangila aka ba. In ana shirin kiran waya a rediyo ku kira ku faɗi sunan aikin da unguwar da yake, ban da zagi. Ku je a ƙungiya, kuma ku je da buƙatar unguwa, don in kowa ya shiga shi kaɗai da takardar asibitinsa ko katin ɗaurin aure, dubu goma zai ba shi ya sallame shi ta ƙofar baya.